Fife, Pembrokeshire ko South West: wace hanyar bakin teku ce ta dace da mai tafiya zango-zango?

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da karatu ko aikin asibiti ya kai Birtaniya sukan shekara da shekaru ba su san komai na ƙasar ba sai abin da ke tsakanin gida, wurin aiki, masallaci da shagon nama. Alhali ƙasar tsibiri ce, babu inda mutum zai tsaya a cikinta teku ya fi mil 70 nisa da shi, kuma a gefen tekun akwai hanyoyin ƙafa masu tsawon ɗaruruwan mil waɗanda ba a biyan ko kwabo kafin a bi su. Babu ma'aikacin da zai samu hutun wata biyu ya ce zai taka mafi tsawonsu a tashi guda. Yawancin masu bin su ma ba haka suke yi ba. Yanka hanyar suke yi zango-zango: wannan Asabar a yi mil takwas, wata mai zuwa a dawo a ɗora daga inda aka tsaya, har ranar da Allah ya nufa a kai ƙarshe.

Hanyoyi uku zan auna wa mai irin wannan niyya: South West Coast Path a kudu maso yammacin Ingila, Pembrokeshire Coast Path a yammacin Wales, da Fife Coastal Path a gabashin Sikotland. Ra'ayina tun daga farko shi ne, mai tafiya zango-zango bai kamata ya zaɓi hanya don sunan da ta yi ko kyan hotunanta ba. Abin dubawa shi ne awa nawa zai ɗauka daga ƙofar gidansa zuwa inda zai fara takawa, sannan idan ya kai ƙarshen zango da la'asar, ƙafa ta gaji, me zai ɗauko shi ya mai da shi. Wanda ya yi tafiyar a tashi guda sau ɗaya yake biyan kuɗin zuwa da dawowa. Mai zango-zango kuwa duk fitowa sai ya biya, da kuɗinsa da lokacinsa, kuma a nan ne niyyar mutane da yawa take mutuwa.

South West ita ce babbar yaya. Tsawonta mil 630, wato kilomita 1,014, kusan tazarar Kano zuwa Legas a mota. Tana tashi daga Minehead a Somerset, ta bi arewacin Devon, ta zagaye Cornwall baki ɗaya, ta dawo ta kudancin Devon ta ƙare a South Haven Point kusa da Poole a Dorset. Asalinta sawun dogarawan gaɓar teku ne da ke sintiri don kama 'yan fasa-ƙwauri. Aikinsu ya buƙaci su leƙa kowane lungu da jirgin ruwa zai iya ɓuya, shi ya sa hanyar ba ta yanke ko'ina: duk inda ƙasa ta lotsa sai ta gangara har bakin ruwa, ta sake hawa. Idan aka tara hawan da ke cikinta ya kai wajen mita 35,000, kusan ninki huɗu na tsaunin Everest, duk da cewa wuri mafi tudu a kanta, Great Hangman, mita 318 ne kacal. Wannan lissafi shi ne abin da taswira ba ta faɗa wa mutum. Mil goma a kan titi tafiyar awa uku da ɗan wani abu ce. Mil goma tsakanin St Ives da ƙauyukan da ke yamma da ita, inda ake tsallake manyan duwatsu da laka, za su iya cinye yini. Zangon Hartland Quay zuwa Bude, wajen mil 15, shi ne wanda masu bin hanyar suka fi ambata da wahala, don kwari ne bayan kwari ba hutawa.

Ƙungiyar da ke kula da hanyar, wadda aka kafa a 1973, ta raba ta zuwa kwana 52 ga mai matsakaicin ƙarfi. To a yi lissafi. Mai fita ƙarshen mako ɗaya a kowane wata, ya taka Asabar da Lahadi, kuma ya ajiye watanni huɗu na tsananin sanyi, kwana 16 zai samu a shekara. Ke nan fiye da shekara uku. Wanda bizarsa ta shekara biyu ce, ko ɗalibin digiri na biyu mai shekara ɗaya, ya san da wannan kafin ya ɗaura niyyar gamawa.

Ta fuskar sufuri kuwa hanyar fuska biyu gare ta. Kudancinta jirgin ƙasa ya wadace shi. Daga tashar Paddington a Landan zuwa Exeter awa biyu ne da 'yan mintuna, daga nan kuma akwai reshe zuwa Exmouth da wani zuwa Paignton. Tsakanin Dawlish da Teignmouth layin dogo da hanyar ƙafa kafaɗa da kafaɗa suke tafiya a bakin ruwa, kusa ƙwarai har igiyar ruwa ta taɓa yanke layin a watan Fabrairun 2014. Looe, Falmouth, Penzance, St Ives da Weymouth duk suna da tasha. Arewacinta kuwa wani labari ne. Daga Barnstaple har Newquay babu tashar jirgin ƙasa a bakin teku, Bude ba ta da ita, Minehead ma inda hanyar ta fara sai an sauka a Taunton an hau bas. Motocin ƙauyukan nan kan yi ƙaranci ranar Lahadi, wasu ba sa fitowa sam idan hunturu ya shigo. Shi ya sa ba na ganin hikimar cewa dole sai an fara daga Minehead don kawai nan ne littattafan jagora suka fara. Mai zango-zango ba wanda ya ɗaure shi da jeri. Ya fara da Exmouth zuwa Budleigh Salterton, ko Penzance zuwa Marazion wadda shimfiɗaɗɗiya ce, ya bar arewacin Cornwall sai ya samu hutun mako guda cur.

Akwai kuma koguna. Kudancin Devon da Cornwall cike suke da bakunan koguna masu faɗi waɗanda sai da jirgin fito ake haye su: Falmouth zuwa St Mawes, Fowey zuwa Polruan, Salcombe, Dartmouth zuwa Kingswear. Wasu jiragen duk shekara suke aiki, wasu sai lokacin zafi, kuma idan ka tarar ba fito sai zagayen mil da yawa ta cikin ƙasa. Kogin Erme shi ko jirgin ma babu: ana jiran teku ya janye ne a tuɓe takalmi a ratsa, kuma damar ba ta wuce kamar awa ɗaya kafin ƙarshen janyewar da awa ɗaya bayanta. A Dorset, gabas da Lulworth, hanyar ta ratsa filin atisayen harbi na sojoji, wanda akan buɗe a yawancin ƙarshen mako da lokutan hutu, a rufe sauran ranaku. Duk wannan ba aibi ba ne, yana cikin daɗin hanyar. Amma yana nufin kowane zango sai an zauna an tsara shi, ba a tashi da safe a ce yau ina jin tafiya.

Abin da mutum zai samu a madadin wannan wahala babu kamarsa a sauran biyun. Ɓangarenta na ƙarshe, daga Exmouth zuwa Studland, shi ne gaɓar da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2001 saboda duwatsunta, inda launin gaɓar ke sauyawa daga jar ƙasa a Devon zuwa farin alli a Dorset, kuma yara ke tsintar burbushin halittun da suka zama dutse a rairayin Lyme Regis da Charmouth. A yammacin Cornwall kuma ga hasumiyoyin tsofaffin ma'adinan kuza da tagulla tsaye a bakin gaɓa.

Pembrokeshire tsaka-tsaki ce a tsawo: mil 186, kilomita 299, daga Amroth a kudu zuwa St Dogmaels a arewa. An buɗe ta a 1970, kuma tun 2012 ta zama ɓangare na hanyar da ta bi gaɓar Wales gaba ɗaya mai mil 870. Kwana 12 zuwa 15 suna isar yawancin mutane. Kada gajartarta ta ruɗe ka, hawan da ke cikinta ya kai wajen mita 11,000, wato idan aka raba bisa mil ba ta fi South West sauƙi ba. Zangon arewa daga St Dogmaels zuwa Newport, wajen mil 16, dogayen gaɓoɓi ne babu shago babu famfo a tsakani.

Ni a wurina ita ce ta fi ba mutum jin cewa ya bar duniyar mutane. Cunkoson da ake gani a Cornwall a watan Agusta babu shi a nan sai a garuruwa kamar Tenby. Daga Afrilu zuwa Yuli tsuntsayen teku masu jan baki suna cika tsibirin Skomer, a Mayu furanni ke rufe gefen hanya, a Satumba da Oktoba kuma idan ka leƙa ƙasa daga kan gaɓa za ka ga karnukan ruwa da 'ya'yansu farare kwance a lungunan da ƙafa ba ta kaiwa. St Davids, birni mafi ƙanƙanta a Birtaniya, yana daf da hanyar. Amma a faɗi gaskiya, tsakiyar hanyar, wajen Milford Haven da Pembroke Dock, matatar mai ce da tashoshin iskar gas da titin kwalta na kwana ɗaya ko biyu. Wasu sukan tsallake. Ni ina ganin a bi, don gaɓar teku wurin neman abinci ce ga mutanen wurin kafin ta zama wurin shaƙatawa ga baƙi.

Matsalarta nisa. Pembrokeshire can ƙuryar yamma take, jirgin ƙasa kuma bayan Swansea tafiyar hawainiya yake. Daga Landan zuwa Tenby mutum ya ware wajen awa biyar, daga Cardiff ma kusan uku. Wanda ya tashi daga Manchester ko Birmingham ranar Asabar da safe, rabin yininsa a kujera zai ƙare, Lahadi kuma tun azahar hankalinsa na kan jirgin komawa. Saboda haka ba hanyar ƙarshen mako ba ce sai ga mazauna kudancin Wales da Bristol. Ta fi dacewa da mai iya haɗa kwana huɗu ko biyar sau uku a shekara, irin ma'aikatan jinya da ke samun hutun jere bayan aikin dare. Ga irin wannan mutum tsari mafi sauƙi shi ne ya kama masauki ɗaya, a ce a St Davids ko Tenby, kullum da safe ya hau ƙaramar bas ta bakin teku zuwa wani wuri ya tako da ƙafa ya dawo masauki, ba tare da ɗaukar kaya a baya ba. Motocin nan an tanade su ne musamman don masu tafiyar ƙafa, sai dai sun fi yawa a lokacin zafi, jadawalinsu kuma yakan sauya daga shekara zuwa shekara, don haka a duba na bana, kada a dogara da na bara. Nan ma akwai filin harbi a Castlemartin, da wurare biyu kusa da Dale da Sandy Haven da ba a haye su sai teku ya janye.

Fife ita ce ƙarama, kuma ita ce ba a cika jin sunanta ba. Mil 117, kilomita 188, daga Kincardine a bakin kogin Forth zuwa Newburgh a bakin kogin Tay. An buɗe ta a 2002, daga baya aka ƙara mata tsawo ta kai biyu. Kwana takwas zuwa goma sun isa. Yawancinta ƙasa-ƙasa take bi, rairayi da tsofaffin tashoshin masunta da gefen filayen wasan golf, babu irin hawa da saukar nan mai kashe gwiwa.

In don zango-zango ne, kamar don shi aka yi ta. Daga Edinburgh minti ashirin da 'yan kai jirgi zai haye da kai gadar Forth, jar gadar ƙarfen nan da aka buɗe a 1890, ya sauke ka a North Queensferry, kana fitowa kana kan hanya. Daga nan tashoshi ne a jere: Inverkeithing, Dalgety Bay, Aberdour, Burntisland, Kinghorn, Kirkcaldy, kuma tun Yunin 2024 jirgi ya koma zuwa Leven bayan shekaru fiye da hamsin. Ma'anar wannan ita ce ba sai ka yanke shawarar inda za ka tsaya tun daga gida ba. In ruwan sama ya sauko ko yaro ya gaji, tasha ta gaba ba ta da nisa. Bayan Leven bas ce ke bin ƙauyukan masunta na Elie, St Monans, Pittenweem, Anstruther da Crail har St Andrews, kuma wannan yanki shi ne zuciyar hanyar: gari zuwa gari mil ɗaya zuwa huɗu, kowanne da tasharsa ta jiragen kamun kifi da gidajen dutse masu jan rufi. Mazaunin Edinburgh, Glasgow ko Dundee zai iya gama hanyar nan kaf bai taɓa kwana a waje ba, kuma kuɗin masauki shi ne ya fi kowane cin aljihu a wannan harka.

Ba za a ce ba ta da nata ba. Tsakanin Kirkcaldy da Leven hanyar ta ratsa tsofaffin garuruwan haƙar kwal irin su Buckhaven da Methil, tafiya ce a kan titi cikin unguwanni. Daga Crail zuwa St Andrews kuma, musamman bayan Kingsbarns, hanyar ta yi tsauri, akwai wuraren da ruwa ke rufewa idan teku ya cika. Wanda ke neman dogayen gaɓoɓi masu sa jiri ba zai same su a nan ba. Sai iskar Tekun Arewa, wadda ko a watan Yuni tana iya sa mutum neman rigar sanyi.

Batun cikar teku na so in ɗan tsaya a kansa, domin mu da muka tashi nesa da teku ba mu da shi a jiki. Kogi mun san shi, yana cika da damina ya janye da rani. Teku kuwa sau biyu yake cika a kwana guda, tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25, kuma lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50 kowace rana. Rairayin da ka ratsa a bushe da ƙarfe goma na safe, da azahar zai iya zama ruwa ya fi tsayinka, kuma ruwan yakan zagayo ta bayan mutum ne ya tare shi a gindin gaɓa kafin ya ankara. A dukan hanyoyin uku duba jadawalin cikar teku kafin fita wajibi ne, kyauta ake samunsa a intanet. In abu ya ɓaci a kira 999 a nemi masu tsaron gaɓar teku. A kuma nisanci bakin gaɓa da gindinta, musamman a Dorset da gabashin Devon inda ƙasar ke zaftarewa bayan ruwan sama.

Ga musulmi akwai wasu abubuwan da littattafan jagora ba sa tunawa da su. Sallah ba matsala ba ce a kan hanya, fili ne ko'ina, alƙibla tana kudu maso gabas, ƙaramar darduma mai naɗewa da gorar ruwa sun wadatar. Lokutan ne ke buƙatar lura. A Fife a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, a Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu ta faɗi, azahar da la'asar da magariba duk su taru cikin 'yan awanni, su ne kuma awannin tafiyar. Wanda tafiyarsa daga gida ta kai nisan ƙasaru sai ya tambayi malaminsa yadda zai yi. Juma'a ta fi sauƙi a Fife, don akwai masallatai a Kirkcaldy da Dunfermline, ga Dundee da Edinburgh a kusa. A South West akwai a Exeter da Plymouth, amma da zarar an nutsa cikin Cornwall ko arewacin Pembrokeshire sai a yi ta tafiya ba a ga ko ɗaya ba. Abinci kuwa kifi ne mafita a duk bakin teku, sai dai a tambaya kafin a saya: wasu shagunan suna kwaɓa fulawar suyar da giya, wasu da kitsen dabba suke suya ba man gyaɗa ko na tsirrai ba. Sanannen burodin nan na Cornwall mai nama a ciki naman shanu ne da ba yankan musulmi ba, ko mai cuku da albasa ma a tambayi irin kitsen da aka murza fulawar da shi. Dabino da gyaɗa da ƙwai dafaffe a jaka sun fi kwanciyar rai. Sannan karnuka: Turawa da karnukansu suke fita, sau da yawa a sake, kuma a siririyar hanya dole a yi kiciɓis. Yawancinsu ba sa cizo, amma sukan shinshina tufafi, don haka mai kiyaye tsarkin kayan sallarsa ya ajiye su daban a cikin jaka. Shanu ba baƙinmu ba ne, amma saniya mai ɗan maraƙi a nan ma a ba ta hanya. Bayan tafiya cikin doguwar ciyawa a duba ƙafafu da ƙugu saboda kaska, tana ɗauke da cutar Lyme.

Mai tunanin rage kuɗi da kwana a tanti ya sani cewa doka ta bambanta. A Sikotland dokar 2003 ta ba kowa damar yada zango a fili in dai ya kiyaye ƙa'ida. A yawancin Ingila da Wales kuwa sai da izinin mai ƙasa ko a filin da aka tanada, wanda ake biya.

To wa zai ɗauki wacce? Mazaunin Sikotland ko Newcastle, da mai iyali da ƙananan yara, da 'yar'uwar da ke son fita ita da ƙawarta su dawo gida kafin dare, da duk wanda bai taɓa yin irin wannan tafiya ba, Fife nake ba su shawara ba tare da wani jinkiri ba, don hanya ce da za a iya gamawa cikin shekara guda. Mazaunin Cardiff, Swansea ko Bristol, ko mai samun hutun kwanaki a jere wanda kuma ƙafarsa ta saba, ya nufi Pembrokeshire, ya fara daga kudu, Amroth zuwa Saundersfoot zuwa Tenby zuwa Manorbier, inda akwai tashoshin jirgi, ya bar arewa sai jiki ya yi ƙwari. South West ta wanda ya zauna ne da gindinsa a kudancin Ingila, Exeter, Plymouth, Southampton, ko Landan in aljihu zai ɗauka, wanda kuma bai damu ba ko shekara biyar za ta ci. Ɗan Landan da ke son ɗanɗanawa kafin ya ɗaura niyya ya hau jirgi daga Waterloo zuwa Weymouth, wajen awa uku, ya gwada zango ɗaya zuwa Lulworth, ya ga yadda gwiwarsa za ta kwana.

Kowacce aka zaɓa, watannin Mayu, Yuni da Satumba sun fi: yini da tsawo, masauki bai kai tsadar Yuli da Agusta ba lokacin da makarantu ke hutu, motoci da jiragen fito kuma suna aiki. Takalmi mai riƙe ƙasa da rigar ruwa ta gaske su ne kayan da bai kamata a yi musu rowa ba, sauran duk abin da ke gida ya isa. Kuma in zangon na bas ne, a hau motar da safe zuwa can nesa a tako zuwa inda masauki ko tashar jirgi take, maimakon a taka zuwa ƙauyen da motarsa ta ƙarshe ke tashi ƙarfe biyar na yamma.